Hanya Lafiya Lau

Sammani manomi ne a Yasore, kuma duk ƙauyen abu guda aka san shi da shi: tsoro a kan ɗansa Hashimu. Shan inna ta kama Hashimu tun yana rarrafe, ta bar mishi ƙafafu kamar karan dawa, amma ba ta taɓa hannuwan ba. Da su yake tafiya, yana dogara da wasu 'yan katakai da uban ya sassaƙa mishi, har ya zama saurayi mai damatsa kamar na maƙeri. Duk da haka Sammani bai yarda ya hau jaki ba, don jaki na harbi. Bai yarda ya je bakin rijiya ba. In dare ya yi kuwa, abu ɗaya ke hana shi barci: ranar da ba ya nan, wa zai ciyar da yaron nan?

Ana nan, cikin kaka, sai saƙo ya zo daga Safana. Daudu tela, ɗan'uwan Turai, wato uwar Hashimu, ya sayi keken ɗinki irin wanda ake juyawa da hannu, yana neman wanda zai koya wa. Ya ce a kawo Hashimu ran kasuwar Safana mai zuwa. In kasuwa ta tashi bai gan shi ba, zai ɗauki ɗan maƙwabcinsa, don maƙwabcin ya ishe shi da naci.

Sana'a ta zaune! Sammani bai tsaya shawara ba. Ya goyi ƙaton ɗansa tun daga Yasore har Batsari, suna yada zango a kowace inuwa, Hashimu na mita wai an mai da shi jariri. Suka kwana a gidan wani ɗan'uwa, da hantsi suka fito tasha.

Mota ɗaya ce ke zuwa Safana ran kasuwa, wata tsohuwar lori mai bodin katako. An cika ta da buhunan gyaɗa, fasinjoji suna can samansu kamar angulaye, kuma ba hanyar hawa sai wani siririn tsani. Karen motar, wani mai suna Mati, ya tare su.

"Baba, ina zuwa?"

"Safana. Mu biyu."

Mati ya dubi Hashimu a ƙasa, ya dubi tsanin, ya sosa ƙeya. "To wa zai hau wannan?"

"A sa shi gaba mana, kusa da direba."

"Gaba ta cika. Akwai wani attajiri da ragonsa."

"A mai da ragon sama."

"Ragon ma tsani ba ya hawa, Baba. Amma ga dabara. Mu ɗaura wa abokina igiya a hammata mu ja shi, yadda muka yi wa buhunan."

"Na yarda," in ji Hashimu.

"Ban yarda ba," in ji Sammani. "Ɗana ba buhu ba ne."

"To bari in hau da hannu, Baba. Na fi kowa a nan ƙarfin hannu."

"In ka faɗo fa?"

"Sai in karya ƙafa. Me aka rasa?"

Na saman mota suka fashe da dariya. Sammani bai yi ba. Ya ce a ba shi igiyar ya gani. Ya ja ta, ya shinshina ta, ya tambayi wanda ya tufka ta, da ramar da aka yi ta da ita, da ko ta taɓa tsinkewa. Mati ya ce ta taɓa, amma buhun ne ya yi laifi. Sammani na cikin cewa a nemo wata, direba ya gaji, ya danna ƙaho, Mati ya fizge igiyarsa ya maƙale a tsani, mota ta tafi.

Suka zauna a gindin tsamiya. Hashimu ya juya wa uban baya, kuma wannan ya fi wa Sammani ciwo da a ce zaginsa ya yi.

Rana ta fara zafi sai ga wata jif ta shigo tasha tana tangaɗi, ta zaga rumfar mai kosai, ta tsaya da ƙara. Baturen gona ne, sabon zuwa, mai jan wuya da gajeren wando. Kurkunu ta kwantar da direbansa a Katsina, shi ne ya ɗauki tuƙi da kansa, ya ɓata. Ya leƙo, ya yi Hausar da ya koya a littafi.

"Ina hanya na Safana?"

Mutanen tasha suka durƙusa suna "Zaki! Zaki!", kowa na nuna wajen da leɓe. Bature ya dudduba leɓɓa, bai gane komai ba. Sammani, wanda a rayuwarsa bai taɓa yi wa Bature magana ba, ya ji bakinsa ya buɗe da kansa.

"Ranka ya daɗe, na san hanyar. Amma ina da yaro."

Kafin ya gama bayanin yadda za a ɗaga yaron a hankali, Hashimu ya kama gefen jif ya wurga kansa baya. Aka sa Sammani gaba. Ya riƙe ƙarfen gabansa da hannu biyu, ya fara karanto duk addu'ar da ya sani.

Baturen nan a birninsu ya koyi tuƙi, kuma ya taho da dokokin can gaba ɗaya. Hanyar ba ta wuce faɗin mota guda ba, amma ya nace sai ya riƙe hagu, don haka duk wata ƙaya da ke gefen hagu sai da ta shafi kunnen Sammani. In zai yi kwana sai ya fito da hannu waje ya sanar, ko da ba kowa sai jakuna. Manoma a gona suka ɗauka gaisuwa ce, suka yi ta ɗaga mishi dunƙulallen hannu.

Da suka yi ɗan nisa Bature ya juyo. "Yaya hanya?"

Sammani ya ji daɗi har cikin ransa. Ashe Turawa ma sun san gaisuwa! "Lafiya lau, ranka ya daɗe. Yaya gajiya? Yaya aiki? Yaya aka baro mutanen gida?"

Bature ya ce, "Madalla," ya ƙara wuta.

Shi kuwa Sammani ya san sarai abin da ke gaba. Dab da Safana akwai gulbi, ruwa ya janye ya bar yashi mai zurfi, kuma duk motar da ta san kanta sai ta ratse hagu ta bi ta wajen duwatsu. Yana da niyyar faɗa. Amma talaka ba ya tarar Bature da mugun labari ba a tambaye shi ba. Sai ya yi shiru yana jiran a tambaye shi.

Suka wuce gonakin gero da aka girbe, suka wuce wata ruga. Bature ya sake juyowa. "Hanya fa? Lafiya?"

"Lafiya ƙalau, ranka ya daɗe. Alhamdulillahi."

Hashimu ya miƙo wuya daga baya. "Baba, ina jin ba gaisuwa yake..."

"Kai, yi mana shiru. Ba a katse manya suna gaisawa."

Ga gulbi ya bayyana, yashi fari fat. Bature ya rage gudu, ya nuna da yatsa. "Nan? Lafiya?"

Sammani ya ga lallai wannan mutum ɗan gidan mutunci ne, har gulbi yake tambaya. "Lafiya lau. Kowa lafiya."

Jif ta shiga da ƙarfinta, ta kai tsakiya, ta yi nishi, ta zauna kamar saniyar da ta ƙoshi. Bature ya ba ta wuta, ƙafafun suka yi ta juyawa suna tona wa kansu rami. Ya kashe ta, ya juyo, jan wuyan ya hau har goshi.

"Kai ka ce lafiya lau!"

"Ranka ya daɗe, gaishe ni ka yi, na amsa."

"Na tambaya hanya! Sau da yawa!"

"Ai shi ne. Wa aka taɓa ce wa yaya hanya ya ce ba lafiya? Da tambaya ka yi, da na gaya maka tun daga Batsari nan wurin ba ya biyuwa."

Bature ya faɗi wasu kalmomi da harshensu, waɗanda Sammani ya tabbata ba a littafi suke ba.

Suka tona yashi da hannu, suka sassaro rassan geza suka cusa ƙarƙashin ƙafafun. Rana ta karkata, inuwar motar ta fara tsawo, ga katangun Safana ana hangowa. Sammani na tono yana duban rana. Tun ɗazu masu jakuna suka fara fitowa daga kasuwa ta can nesa.

A ƙarshe Bature ya ce sai an tura, kuma mutum ɗaya ba zai iya ba. Akwai wani ɗan maɓalli kusa da sitiyari, in an ja shi mota na shan mai ba sai an taka komai ba. Zai sa ta a ƙaramin giya, ya ja maɓallin, ya diro su tura su biyu. Sai dai ana bukatar mai riƙe sitiyari.

"A'a," in ji Sammani. "A'a, ranka ya daɗe. Yaron nan ko jaki..."

Ya waiwaya, ya tarar Hashimu har ya sulalo gaba, ya zauna daram, ya kama sitiyari yana murmushi.

Bature ya tada ta, ƙafafun suka fara juyawa a wuri ɗaya, ya diro. Suka sa kafaɗa. Yashi na watsa musu a fuska, Sammani na kiran sunan Allah, Bature na kiran abin da yake kira. Sai motar ta kama rassan, ta yi tsalle, ta fita. Su biyun suka kife a yashi.

Da suka ɗago, jif ta haye gaɓa, ta kama hanyar gari. Ba gudu take ba. Tafiya take a natse, irin wadda ta fi gajiyayyen mutum sauri da kaɗan.

"Hashimu!" Sammani ya zabura, takalminsa ɗaya ya zauna a yashi.

"Birki!" Bature na ihu yana gudu. "Taka birki!"

Hashimu ya leƙo. "Da me?"

"Da ƙafa!"

"Ranka ya daɗe, wace ƙafar?"

Haka suka shiga Safana. A gaba jif, tana tafe tsakiyar hanya tsaf, don Hashimu bai san wata doka ta hagu ba, kuma ya gano inda ƙaho yake. A baya Bature ba hula, ya tsallake wani shingen ƙaya don ya yanke, shingen ya riƙe rabin wandonsa. A bayansa Sammani, takalmi ɗaya, yana roƙon jama'a su kauce, su kuma tare, su kuma kada su tsorata yaron. Mutanen bakin kasuwa suka ga motar Bature suka durƙusa suna "Zaki!", suka ɗago suka ga Bahaushe ne a ciki, suka waiga suka ga Zakin a ƙasa yana haki. Wani tsoho ya rasa wanda zai gaisar, sai ya gai da Sammani.

Hashimu ya kauce wa mai tukwane, ya kauce wa teburin mahauta, ya hango wani tulin harawa, ya saita ta can. Jif ta nutsa hancinta ciki, ta yi tari, ta mutu.

Sammani ya iso ya kama ɗansa yana lalubawa, kai, wuya, haƙarƙari, har ƙafafun. "Ina ke ciwo? Faɗa mini ina ke ciwo!"

"Baba, sake ni, mutane na kallo. Ga Kawu Daudu can."

Daudu tela na tsaye a bakin rumfarsa, ya riga ya fara naɗe yadudduka. Kusa da shi maƙwabcin nan ne mai naci, yana nuna mishi rana, yana cewa ai kasuwa ta tashi.

"Ba ta tashi ba," in ji Sammani, numfashi na sarƙe shi. "Dubi mutane!"

Gaskiya ne. Duk wanda ya kama hanyar gida ya dawo kallo, kasuwa ta fi yadda take da hantsi cika. Daudu ya dubi taron, ya dubi jif a cikin harawa, ya dubi Hashimu da ya sauko yana tahowa da katakansa.

"Kai ka juyo wancan abin tun daga gulbi?"

"Ni ne, Kawu."

"Ba ka taka kowa ba?"

"Kaza ɗaya, amma ita ta zo."

Daudu ya warware tabarmar da ya naɗe, ya ajiye keken ɗinki a kai. "Zauna nan. Wannan nasa sitiyarin ƙarami ne."

Daidai nan Bature ya iso, hannu ɗaya a ƙirji, ɗaya a baya yana tare inda wandon ya tafi. Ya buɗe baki zai yi faɗa, sai ya ga yawan matan da ke wurin, ya ja da baya ya jingina da bangon rumfa. Daudu, wanda kallo ɗaya ya ishe shi ya gane aiki, ya miƙa mishi zane ya nuna mishi bayan asabari.

Aikin Hashimu na farko ke nan. Bature na zaune bayan asabari ɗaure da zanen atamfa, Daudu na riƙe da bakin wandon, Hashimu na juya keke, ɗinkin na tafiya a karkace. Sammani ya zube a ƙasa kusa da su. Ya zauna yana mai da numfashi, yana sauraron ƙarar keken.