Garin Waɗanda Suka Sauke Kaya a Rabin Hanya

"Ba zan tsaya ba, Baffa."

Haka na faɗa masa ta waya, ina zaune a kan akwatina a tashar Mararraba, inda kwalta ta ƙare. Baffa Nomau yayan mahaifina ne, dattijo a ikilisiyarmu, kuma tun rasuwar Baba a gidansa Inna take zaune. Da na gama makarantar ungozoma, na miƙe gaban jama'a ranar Lahadi na ce zan tafi Kwarin Gwaska, ƙauyen bayan dutse inda ake ɗora mai naƙuda a amalanke ana neman asibiti da ita. Kowa ya tafa, har shi. Da ya ga na ɗaure kaya da gaske, sai ya samo mini aiki a asibitin wani abokinsa a nan Mararraba, da ɗaki mai siminti da lantarki.

Ya ce, "Keziya, ba shawara nake ba ki ba. Ki sauke kayanki nan. In kika wuce garin nan, ki manta da inda aka binne cibiyarki. Ƙofata ba za ta buɗe miki ba, uwarki kuma ba za ta taka inda kike ba muddin tana cin tuwon gidana."

Na ce, "Kai ka koya mana labarin Ibrahim, Baffa. Aka ce ya bar ƙasarsa da gidan ubansa, ya tashi bai san inda za shi ba."

"Shi Allah ne ya yi masa magana. Ke wa ya yi miki? Takardar makaranta?"

Na kashe wayar. Ni ba mai kuka a bainar jama'a ba ce, ban kuwa yi ba. Amma motar Kwarin Gwaska ta ƙi cika, rana ta take, zuciyata ta fara yi mini raɗa: ai Mararraba ma akwai masu ciki. Na jingina da bangon rumfar direbobi, barci mai nauyi ya ɗauke ni.

Sai na gan ni a ƙofar wani babban gari mai ganuwa. Wata tsohuwa tana tsaye a bakin ƙofar, doguwa, kyakkyawa duk da tsufanta. Tana riƙe da turken alfarwa kamar sanda, dugaduganta duk kaushi ya tsattsage su.

Ta ce, "Taso, 'yar boko. Kin kira sunan mijina a waya kamar kin san abin da tafiyar ta ci. Ni ce Saratu. Zo ki ga wani abu."

Na durƙusa na gaishe ta, na ce, "Iya, wane gari ne wannan?"

Ta ce, "Da muka baro Ur, mun yada zango a Haran. Gari ne mai ruwa da kasuwa. Surukina ya ce a huta, hutun ya zama zama, a can ya mutu. Wannan garin ɗan'uwan wancan ne. Nan ake tara waɗanda aka ba su amana suka zauna a kanta."

Muka shiga ta kasuwa. Na ga rumfuna jere, a kowace rumfa mutum yana kwance yana rawar ɗari, jikinsa kamar garwashi. Yana miƙa hannu ya ɗauko ƙwaya daga kantarsa ya haɗiye, sai farin alli ya cika masa baki. Wani an rataye masa ƙarin ruwa, kwaɗi suna iyo a cikin robar. Suna kiran a kawo musu na ainihi, babu mai amsawa.

Na ce, "Iya, me suka yi?"

Ta ce, "Sun sayar wa iyaye alli da sunan maganin zazzaɓi. Uwa ta ba ɗanta da hannunta, ta zauna tana jiran sauƙi har ya yi sanyi a bayanta. Abin da suka sayar shi suke sha."

Muka wuce wata unguwa mai manyan zaure. A can na ga magidanta da manyan riguna, kowa yana zaune gaban akushin tuwo mai tururi. Da ya gutsuro loma sai ta zama igiya a hannunsa, ta naɗe masa wuya. Ya kwance, ya sake gutsurowa don yunwa, ta sake naɗe shi.

Saratu ba ta jira tambayata ba. Ta ce, "Waɗannan sun ciyar da gwauraye da marayu, amma sun mai da tuwon dabaibayi. Duk wadda ta ci nasu ba ta da baki, ba ta da ƙafa."

Na duba fuskokinsu ɗaya bayan ɗaya. Ta kama haɓata ta juyar da ni. Ta ce, "Kada ki nemi baffanki. Yana da rai, ƙofar tuba ba ta rufe masa ba. Ba don shi aka kawo ki ba."

Gaba kaɗan akwai wani gini mai sabon fenti, an ɗaure jan ƙyalle a ƙofarsa. Wani mai babbar hula yana yanka ƙyallen da almakashi, makaɗa suna kiɗa. Da ƙofar ta buɗe sai ga ɗaki wayam, ba gado, ba fitila, jemagu kawai. Nan take aka ɗora masa mace mai naƙuda a baya, aka nuna masa kogi ya cika ya batse, aka ce ya haye da ita. Ruwa ya kai masa wuya, tana ihu a kunnensa. Yana isa gaɓa sai ya sake ganin kansa gaban jan ƙyalle, almakashi a hannu.

Na ce, "Wannan na san irinsa. Na ga hotunansu a bango."

Ta ce, "Ya buɗe asibiti don a ɗauki hoto, ya koma birni. Matan da suka mutu a hanya su ne kayansa yanzu."

A gefensa na ga wasu da baƙaƙen riguna da farin wuya, an aza musu kaya a ka, takalma a ƙafa. Wata murya tana cewa, "Ku tashi!" Suna yunƙurawa, amma ƙafafunsu sun yi saiwa cikin ƙasa kamar rogo. Na tsorata, domin ban taɓa zaton zan ga masu wa'azi a irin wannan wuri ba.

Saratu ta ce, "Sun yi wa'azi da sunan mijina har muryarsu ta dushe. Suka tura 'ya'yan talakawa daji, suka manta da su a can, su da nasu suka zauna inda akwai inuwa."

Sai na ɗaga kai na ce, "Iya, na gani. Amma ni ban cuci kowa ba. Na yi karatuna da gumina, ban saci amsa ba, ban durƙusa wa kowa don a ba ni maki ba. Me ya haɗa ni da garin nan?"

Ta yi dariya, irin ta wadda ta taɓa yi wa alkawari dariya ta ga cikarsa. Ta ce, "Bakinki ya yi mini. Biyo ni."

Unguwa ta ƙarshe ba wuta, ba kuka. Gidaje ne masu tsabta, da bishiyoyin mangwaro. Mutane suna zaune a ƙofar ɗakunansu, kowa da ƙunshin kayansa a gefe, ƙura ta rufe ɗaurin. Kowa yana cewa, "Gobe zan wuce." Da na matso sai na ga abin da ya sa tsigar jikina ta tashi: manya ne, wasu da furfura, amma kowannensu igiyar cibiyarsa tana nan ba a yanke ba, ta bi ƙasa ta fita ta ƙofar gari, ta nufi gidan da aka haife shi. Ta yi baƙi, tana wari. Daga bayan ganuwa kuma ana jin muryoyi suna kiran sunayensu, ba dare ba rana, su kuwa suna toshe kunne.

Ta ce, "Ke ungozoma ce. In an bar jariri da wannan, me zai faru?"

Na ce, "Zai ruɓe, ya kashe shi."

"To, waɗannan an kira su, sun amsa, sun taso. Suka samu wuri mai daɗi a rabin hanya suka ce nan ma aikin Allah ne. Ba su cuci kowa da hannunsu ba. Waɗanda ke jiransu ne suka mutu suna duban hanya."

A ƙarshen layin akwai ɗaki mai siminti, ƙwan lantarki yana ci, an share shi tas. Farar rigar aiki tana rataye a ƙusa, daidai tsawona.

Na ce, "Na wane ne?"

Ta ce, "Ba na kowa ba ne tukuna."

Na ja da baya. Na ce, "Iya, gaya mini gaskiya. Ke da kika wuce, me kika samu?"

Ta dafa turkenta ta dube ni. Ta ce, "Mijina aka yi wa magana, ni kaya aka ce in ɗaure. Na bar gidan tubali, ban sake kwana a ƙarƙashin soro ba har na mutu. Mun sha yunwa. Na tsufa ina jiran ɗa, mata suna nuna ni da baki. Ban sake ganin ƙasar da aka haife ni ba. Ƙasar da aka yi mana alkawari kuwa, abin da na samu a cikinta kogon da aka binne ni ne."

"Kin yi nadama?"

"Na gaji. Na yi fushi, na yi kuskure ma. Amma ban juya ba. Ubangiji kuma bai yi ƙarya ba." Ta buga turken a ƙasa. "Ba na ce miki ba zafi. Yankan cibiya da jini yake zuwa. Tashi!"

Na farka a firgice, rigata sharkaf da gumi. Kwandasta ne yake bubbuga jikin mota yana cewa, "Kwarin Gwaska, saura mutum ɗaya! Malama, za ki ko kin fasa? Tun ɗazu kike ta munshari kamar kin biya kuɗin ɗaki."

Daga inda nake ina hango allon asibitin abokin Baffa a tsallaken titi. Na roƙi Ubangiji gafara, domin a zuciyata na riga na fara jera kayana a wancan ɗaki. Na ɗauki akwatina da kaina na miƙa wa kwandastan.

Ina Kwarin Gwaska har yau. Ɗakin haihuwarmu na jinka ne, fitilata ta hannu ce, kuma dugadugaina sun fara kama da na Saratu. Akwai yara mata a garin nan da ake kira Keziya, ni na yanke musu cibiya, iyayensu mata kuma suna raye. Ina faɗin wannan da kaina a ɗage.

Baffa ya cika maganarsa. Na je bikin ƙanwata, aka tsayar da ni a zaure, na juyo. Inna takan aiko mini da daddawa a ɓoye ta hannun masu zuwa kasuwa. Wata damina Inna ta kwanta ciwo, kogi ya cika, labari bai iso ni ba sai da aka binne ta. Na iya jinya, ban yi jinyar uwata ba. Wannan shi ne abin da na biya, kuma ban juya ba.