Ajin da Ke Yawo

Malamar aji huɗu ba ta iya barin benci ya kwana uku a wuri ɗaya. Tun da aka tura ta wani taron horar da malamai ta dawo da takardar shaida da kai cike da dabaru, shi ke nan bencinan ajinta suka yi sallama da hutu. Yau ta jera su kamar rabin wata, gobe ta haɗa su bibbiyu yara su fuskanci juna, jibi ta tura su jikin bango kowa ya zauna a tsakar aji. 'Yan ajin suka laƙaba mata Malama Juyi. Ta san da sunan sarai, tana ma jin daɗinsa a ɓoye. Kuma a gaskiya juyin ya yi rana, don masu laɓewa a baya suna gyangyaɗi sun wayi gari babu bayan da za su laɓe.

A wannan zangon ne aka kawo mata Auta, yarinya 'yar shekara tara wadda ba ta gani tun haihuwa. Auta ba ta mance abin da ta ji, kuma idan Malama ta yi barkwanci ita ce ke riga kowa dariya, tun kafin a kai ƙarshen maganar. Cikin mako biyu yarinyar ta shiga ran Malama ta zauna daram.

To, son ne ya jawo matsalar. Duk lokacin da za a yi juyi, sai Malama ta kama hannun Auta ta kai ta inuwar bishiyar da ke tsakar makaranta, ta ce, "Zauna nan ki sha iska, kada a buge ki." Idan ƙura ta lafa a dawo da ita. Ita kuwa Auta sai ta shigo da ƙarfinta, ta nufi inda ta bar wurin zamanta, ƙaurinta ya yi karo da katako. Sau uku a wata guda tana komawa gida da kumburi. Na huɗun a goshi ne, da ta yi tuntuɓe ta faɗa kan kusurwar teburi.

Washegari, ranar Talata, mahaifiyarta ta zo. Ba ta ɗaga murya ba, abin da ya fi tayar wa Malama hankali ke nan.

"Malama, ba faɗa na zo yi ba. Na san kina ƙoƙari. Amma 'yar nan ita kaɗai ce ban iya barci a kanta. Jibi zan zo in ɗauke ta da kaina. Idan na ga sabon ciwo a jikinta, ko ƙwarzane ne, ta gama makaranta. Ta zauna a gabana inda nake ganinta."

Malama ta yi ta ba ta haƙuri har matar ta fita daga ƙofar makaranta.

Ranar Laraba ce ranar Inna Mai Jaka. Tsohuwar malama ce da ta shekara talatin tana koyar da makafi, yanzu ofishin ilimi ke tura ta makaranta-makaranta ta zauna da malaman da ke da yara irin su Auta. Malamai na tsokanarta cewa babu abin da babu a jakarta sai kujera: igiya, gam, murafen kwalba, almakashi, ƙyallaye. Ba ta zuwa da lacca. Takan sami kusurwa a bayan aji ta zauna, ta lumshe ido, har ka rantse barci take yi. Ranar ma haka ta wuni. Malama ta yi ta satar kallonta tana jin haushi, ita kanta na ɗaukar zafi, wadda aka turo ta taimaka mata tana gyangyaɗi.

Da aka tashi, kafin yayar Auta ta zo ɗaukarta, Inna ta jawo yarinyar kusa da ita.

"Auta, ba ni labarin ajin nan. Yaya yake?"

Auta ta karkata kai kamar mai sauraren wani abu daga nesa.

"Yawo yake yi, Inna."

"Yawo?"

"E. Da safe nakan san shi. Daga ƙofa taku shida sai bencinmu, mai tsaga a gefe. Taku biyu sai taga, inda rana ke taɓa min kunne. Sai a kai ni gindin bishiya. Ina jin ƙara daga can, gurrr, gurrr. Idan na dawo ya tafi, wani ajin ya zo ya zauna a wurinsa, da muryoyin 'yan ajinmu a ciki. Sai in fara koyonsa, kafin in gama shi ma ya tafi." Ta yi ɗan murmushi. "Wani lokaci a gindin bishiya nakan yi tunanin inda suke zuwa. Ko akwai wani fili da azuzuwa ke haɗuwa su huta."

Ba ƙorafi take yi ba. Ita a zatonta haka azuzuwa suke a ko'ina. Kunya ta rufe Malama har ta kasa haɗa ido da tsohuwar.

Bayan yarinyar ta tafi, Inna ta ce, "'Yata, zo ki zauna a wurinta. Kada ki yi komai, zama kawai."

Malama ta zauna. Makarantar ta yi tsit. Hasken la'asar ya shigo ta taga ya kwanta a kan teburi, garin alli na iyo a cikinsa a hankali, fanka na juyawa a kasalance tana ƙiƙ, ƙiƙ. Kwana biyu ba ta runtsa da kyau ba, sai idonta ya rufe da kansa. Ta ji ranar ta taɓa mata kunne, daidai yadda yarinyar ta faɗa. Daga nan ƙasan ajin ya fara motsi kamar ruwa mai sanyin gudu. Bencina suka saki wurarensu suna shawagi, ɗaya ya goge ta ya wuce, allo ya zame daga bango ya bi su. Sai ga ta a ɗakinta na gida, ta miƙa hannu inda gadonta yake ta taɓa firji, ta juya neman ƙofa ta iske kabad. Tana jin muryar ƙanwarta kusa-kusa tana kiranta, amma duk inda ta sa ƙafa wani abu ya riga ta zuwa. Babu wanda ya yi mata mugunta a mafarkin. Kowa cikin taushin murya yake ce mata ta zauna ta sha iska.

Ta farka a firgice. Inna na zaune tana warware igiya a cinya.

"Inna, gobe zan kira kafinta ya kafe su da ƙusa. Na daina juyi har abada."

Tsohuwar ta yi dariya har jakarta na girgiza. "Kai, 'yan zamani, ba ku da tsakiya! Ki kafe yara arba'in saboda ɗaya? Kafin mako ya fita sun gane wadda ta jawo musu, kin ga kin haɗa ta da su ke nan. Juyinki ba shi da laifi. Fitar da ita da kike yi ne laifin. Kowa na ganin ajin yana sauyawa, ita kaɗai ake ɓoye wa. Ki bar ta a ciki. Ki faɗi abin da za a yi da baki, ki ba ta gefen benci ta ɗauka. Abin da ta ajiye da hannunta ba zai tare mata hanya ba."

"Za ta ji ciwo, Inna. Kuma gobe uwarta za ta zo."

"Tana iya ji," in ji Inna, ba ta ko sassauta ba. "Ni ban zo in yi miki alkawarin ƙarya ba. Kama min nan."

Suka durƙusa su biyu suka manna igiya mai kauri a ƙasa, daga bakin ƙofa har gaban allo, ta yadda ƙafa za ta ji ta. Inna ta ce wannan kaɗai ne ba zai taɓa gusawa ba, kuma ba a ɗora komai a kansa, ko hedimasta ne ya ce a ɗora.

Ranar Alhamis Malama ta yi niyyar kada a taɓa ko benci ɗaya. A wuce ranar lafiya, uwa ta zo ta duba ta tafi, sauran a gani daga baya. Har aka dawo daga hutun tara tana kan wannan shawarar. Sai ta hangi Auta ta miƙe da kanta a lokacin da aka saba, ta tsaya a bakin ƙofa tana jiran a kai ta gindin bishiya. Malama ta ji abin ya soke ta a ƙirji.

"Auta, dawo. Yau da ke za a yi. Ku saurara, rabin wata za mu yi, bakinsa na kallon allo. Benci huɗu ta taga, huɗu ta bango, uku a baya."

Ta ɗora hannun yarinyar a gefen benci, abokiyar zamanta ta kama ɗaya gefen. Auta ta ɗaga, ta yi tangaɗi, ta daidaita. Tana tafiya leɓɓanta na motsi, tana ƙirga taku. Ta ajiye na farko, ta shafa shi tun daga wannan kai har wancan, ta ce a ba ta wani. Ƙarar da ta saba ji daga nesa yau ga ta a tsakiyarta, tana dariya tana cewa, "Ashe mu ne muke gurrr ɗin!" A benci na uku ne yatsarta ta shiga tsakanin katako biyu. Ba wani babban ciwo ba ne, fata ce ta ɗan ɗaye, jini ya tsattsafo. Malama ta wanke ta sa filasta.

Da aka buga ƙararrawar tashi, mahaifiyar na tsaye a bakin ƙofa. Malama ta san da za ta ce Auta ta sa hannu a aljihu, da mai yiwuwa a wuce. Tunanin ya zo mata, ba za a ɓoye ba. Amma ta ɗago hannun yarinyar ta nuna.

"Maman Auta, ga shi. Ni na sa ta ɗaukar benci."

Fuskar matar ta sauya. "Benci? Ita?"

"Uku, Umma!" in ji Auta. "Tsaya ki gani."

Ta zare hannunta, ta taka igiyar, ta bi ta taku huɗu, ta ratse hagu ta wuce tsakanin bencina biyu ko rigarta ba ta taɓa su ba. Ta isa na bakin taga ta zauna, ta bubbuga shi da hannun mai filastar. "Wannan ni na kawo shi nan. Zo ki zauna, yana da daɗin rana."

Matar ba ta shiga ba. Ta daɗe a tsaye tana kallon 'yarta a can ƙarshen ajin, idonta ya ciko. Da ta yi magana, a hankali ta yi, ba ta ko dubi Malama ba.

"Shekara tara, ko kofin ruwa ban taɓa bari ta ɗauka ba."

Ta sunkuya ta ɗauki jakar makarantar Auta daga inda aka jingine ta, ta rataya a kafaɗa kamar yadda ta saba ɗaukar mata komai. Sai ta tsaya, ta sauke ta.

"Auta, taso mu tafi. Zo ki ɗauki jakarki." Ta share ido da bakin mayafi. "Malama, sai gobe."