Kira Daga Baƙuwar Lamba

Tun ranar da Baban Auta ya sanar da maƙwabcinsu labarin rasuwar shi kansa maƙwabcin, bai ƙara yarda da waya ba. Saƙo ne ya shigo har da hoto, shi kuma ya tura wa duk wanda ke cikin wayarsa, ciki har da mamacin. Mamacin ya amsa da cewa, "Na gode, Allah ya bar zumunci." Kunyar wannan ce ta kai shi ajin tsofaffi a ɗakin karatun unguwa, inda wata matashiyar malama ke koyar da yadda ake bambance labarin gaskiya da na ƙarya.

Malamar a hankali ta koyar da abinta, shi ne ya ɗauka da zafi. Ya dawo gida ya kafa dokoki. Ba a yarda da baƙuwar lamba. Murya ba shaida ba ce, na'ura na kwaikwayonta. Duk wanda ya haɗa "asibiti" da "yi sauri" a numfashi ɗaya ɗan damfara ne. A kashe, a kira mutum a lambarsa, a nemi shaida ta biyu. Ya kuma ƙago kalmar sirri ta gida, yana canza ta duk lokacin da ya yi mummunan mafarki. Ko gishiri matarsa ta ce ya ƙare, sai ya tambaye ta ina majiyarta.

Abin da bai gaya wa kowa ba shi ne yanar ido ta rufe masa idon hagu, na dama ma ya fara dishi-dishi. Mutumin da ke ƙirga yatsun mutane a hoto don gano na bogi ya taɓa yi wa labule faɗa, a zatonsa 'yarsa Auta ce. Ya yi ta zuwa asibitin ido a ɓoye har aka ba shi ranar aiki. Da ranar ta zo, ya ce a gida zai wuni shagon amininsa Tela. Da yake shi da kansa ya sa Auta ta haɗa wayoyin gidan yadda kowa zai ga inda kowa yake, sai ya bar tasa a aljihun teburin keken ɗinkin Tela.

"Ko wa ya kira, ina nan," ya ce. "Na zaga banɗaki."

"Wuni guda?"

"Kai dai ka faɗa."

A asibiti aka karɓe masa kaya da tabarau da haƙoran roba, aka sa masa wata riga mai ɗauri ta baya da hular leda, aka zana kibiya da baƙin alƙalami a goshinsa tana nuna idon hagu. Yana zaune a benci yana matse rigar da hannu ɗaya, nas ta tsaya a kansa.

"Baba, ina wanda ya rako ka?"

"Ƙafafuna."

"Ba a yi wa kowa aiki sai ɗan'uwansa na nan ya sa hannu, ya kuma kai shi gida. Yana rubuce a takardar da muka ba ka."

"Da ina iya karanta takardarku, 'yar nan, me zai kawo ni?"

Ba ta yi dariya ba. Ta ce likitan baƙo ne, yana gama mutanen yau zai tafi, kuma layin masu jira ya kai tsawon da ita kanta ba ta san ƙarshensa ba. Baban Auta ya rufe idon dama ya dubi duniya da na hagu, ya ga hazo da inuwar wani abu mai kama da nas. Ya miƙa hannu, ta ara masa wayarta. Ban da tasa, lambar matarsa ce kaɗai ya haddace.

"Maman Auta, ni ne. Ina asibiti, ki yi sauri..."

Ƙit. An kashe.

Ya ji wani abu mai kama da alfahari ya taso masa, bai kai ko'ina ba ya mutu. Ya sake kira. Wannan karon an buɗe lasifika, yana jin ƙarar fankar falonsa, da Auta tana raɗa, "Shi ne, Mama, ɗan damfarar ne! Kai, amma ya iya!"

"Bawan Allah," in ji matarsa cikin ladabi, "mece ce kalmar?"

"Lema."

"Ta wuce."

"Kwan fitila."

"Wannan tun kafin a gyara famfo."

"To... jirgin ƙasa?"

"Mama, ya san tsofaffin duka!" Auta ta ce. "An shiga wayar Baba!"

"Don gidanku, Auta, ni ne na haife ki!"

"Har zagin ma sun kwafa."

Matarsa ta ce ya dakata, za su tantance. Yana ji Auta ta kira lambarsa da tata wayar, yana jin muryar Tela ras, babu ko gargada: "Yana nan mana! Yanzu ya zaga banɗaki. In kira shi?" Auta ta ƙara da cewa ga ɗigon wayar Baba nan a taswira, daram a shagon Tela.

"Shaida biyu ke nan," in ji matarsa. "Allah ya shirye ka." Ta kashe.

Tsohon da ke kusa da shi a benci, wanda 'ya'yansa suka kewaye shi da jakunkuna da filas, ya matsa gefe kaɗan. Aka kira sunan wata mata, ta shiga.

Baban Auta ya kira tasa lambar. Sai da ta kusa tsinkewa Tela ya ɗauka.

"Tela, ni ne. Ka kira gida ka gaya musu gaskiya."

"Wace gaskiya? Mai wayar ya zaga banɗaki."

"Ni ne mai wayar, sakarai!"

"Ai ya gaya mana irinku. Murya ba shaida ba ce." Keken ɗinki ya ci gaba da ƙara, sannan layin ya mutu.

Nas ɗin, wadda yanzu ta daina ɓoye dariyarta, ta ce, "Baba, mu yi musu kiran bidiyo. In sun gan ka ai magana ta ƙare."

Ta riƙe masa wayar. Bai ga komai a gilashin ba sai inuwoyi biyu. Ya gyara zama, ya yi murmushi don su natsu.

"Innalillahi!" Auta ta ce. "Mama, dubi bakin! Babu haƙori ko ɗaya. Ai Baba ya faɗa, na'ura ba ta iya haƙora ba."

"Ya faɗa," in ji matarsa. Ita da kullum take ganin haƙoran nan a kofi a gefen gado. A nan ne Baban Auta ya fahimci ta gane shi sarai.

"Ga kibiya ma sun manta ba su goge ba. Ɗaga hannunka mu ƙirga yatsu!"

Ya ɗaga, rigar ta saki ta baya, 'ya'yan tsohon nan suka kau da kai gaba ɗaya. Nas ta miƙa masa wayar ta tafi, don an kira tsohon, kuma daga shi sai Baban Auta. Bencin ya zama fayau.

"Maman Auta," ya ce, murya ƙasa-ƙasa, "kin san ni ne."

"Ni ban san komai ba. Mijina da bakinsa ya ce mini yana shagon Tela, kuma mijina ba ya yaɗa labarin ƙarya, har aji ya shiga. Ko dai kai na bogi ne, ko shi maƙaryaci ne. Zaɓi ɗaya."

Ya dubi ƙofar ɗakin tiyata, ko dai wani farin abu da yake zaton ita ce.

"Shi maƙaryaci ne."

"To. Mun fara samun majiya. Me ya kai shi asibitin ido?"

"Ba ya gani. Ya daɗe ba ya gani."

"Wannan tsohon labari ne, duk gidan an sani. Wa kake zaton yake kawar da kujeru daga hanyarsa? Tambayata ita ce, me ya hana shi faɗa?"

Ya so ya ce bai son tayar musu da hankali. Ya so ya ce ƙaramin aiki ne. Duka biyun ya san ba za su wuce tantancewa ba.

"Tsoro nake ji," ya ce. "Wuƙa za su sa mini a ido. Na ga in na faɗa miki, za ki ga tsoron a fuskata, ni kuma ba zan ga taki ba."

Fankar falo ta yi ta juyawa. Can Auta ta yi ajiyar zuciya irin ta wadda ta gama bincike.

"Shi ke nan, Mama, kashe kawai. Baba bai taɓa cewa yana jin tsoro ba. Wannan na'ura ce."

"Haka ne, bai taɓa ba," in ji matarsa. "Ɗauko mini jakata da takalmi, ki tsayar mana da mota."

"Mama! Doka fa?"

"Zuwa za mu yi mu gani da idonmu, ai babu dokar da ta hana wannan. In babanki ne, in sa hannu. In kuma ba shi ba ne, wannan ɗin ma zan karɓa, ya fi wancan daɗin magana. Kai, bawan Allah, ba ni nas ɗin."

Nas ta dawo ta karɓa, ta faɗi sunan asibitin da hawan da suke, ta saurara, ta ce, "To, Mama. To. Zan roƙi likita ya sha shayinsa tukuna." Ta sa wayar a aljihu, ta zagaya ta ɗaure masa rigar tamau.

"Ta ce in gaya maka kada ka ƙara yi wa kowa murmushi kafin ta iso."

Baban Auta ya rufe bakinsa, ya juya idon dama wajen matakala, ya zauna jira.