Batir Mai Huji Ɗaya

Duk garin Ruwan Godiya babu wanda bai san minsharin Malam Gide ba. Har tsokanarsa ake yi, wai in ya fara, kajin maƙwabta kan sauka daga katanga. Matarsa Adama dai ba ta taya kowa dariya, don ita ba minsharin ke damunta ba, shirun da ke biyo bayansa ne. Sai ya ja, ya ja, sannan ɗif, numfashi ya ɗauke. Ita kuma sai ta zungure shi da gwiwar hannu har ya shaƙo iska. Shekara da shekaru tana wannan gadi, barcinta rabi da rabi, idonta kullum ja kamar mai dakan barkono.

Da ɗansu Mas'udu, mai aiki a Katsina, ya kai shi asibiti, likita ya ce maƙogwaronsa ne ke rufewa in ya yi barci. Aka haɗo shi da na'ura mai tiyo da takunkumi, tana hura masa iska ta hanci har gari ya waye. To, na'ura sai da wuta, wutar gwamnati kuwa a garin in ta leƙo yau, sai an manta kamanninta. Janareto ma ba zance, don tun da tsaro ya lalace mutanen gari suka yi yarjejeniya ba mai ta da inji bayan isha'i, saboda 'yan sintiri su riƙa jin ƙarar babur tun daga nesa. Shi ya sa Mas'udu ya kafa sola bisa rufi, ya kawo wani ƙaton akwatin batir mai mariƙi, gabansa duk huji-huji.

Hujojin nan su suka jawo komai.

Malam Gide mutum ne da bakinsa bai iya a'a ba. In ka yaba rigarsa, sai ka yi da gaske kafin ka hana shi tuɓe maka ita. Ranar da Audi maƙwabcinsu ya leƙo ya ga hujin ya yi daidai da cajar wayarsa, ranar aka gama. Kafin ka ce me, zauren Malam ya zama shagon caji na kyauta. Ga wayoyi jere bisa tabarma, ga tocila, ga rediyo, har da injin aski. Ana zare wannan ana soka wancan har bayan magariba, lokacin da rana ta tafi, ba abin da ke mayar wa batir abin da aka zuƙe.

"Malam, wanga abu na numfashinka ne hwa," in ji Adama.

"Haba Adama. A gidan ga mun taɓa hana ruwa? Mun taɓa hana garwashi? Mutum shi taho har zaure da 'yar wayarshi, in ce mashi mi?"

"Ka ce mashi a'a."

"Ke dai," ya ce, ya gyara hula ya fita.

Sai na'ura ta riƙa mutuwa tun kafin asuba, Adama ta koma zunguri. Ran kasuwar Sheme kuma abin da take tsoro ya faru. Malam ya ɗauro buhun masara bisa babur, gyangyaɗi ya sace shi da rana tsaka, sai farkawa ya yi ya gan shi cikin kwalbati. Allah ya taƙaita, gwiwa ce ta ɗaye, haƙori ɗaya ya tafi. Mas'udu ya bugo waya ransa a ɓace, ya ce su tattara su koma Katsina wurinsa. Malam ya ce shi ba inda za shi ya bar gonar ubansa. Masu zuwa jaje kuwa, wallahi abin haushi, wasu da waya a aljihu suka zo, suna Allah ya kiyaye gaba, idonsu na kan akwatin.

Adama ba ta yi shawara da kowa ba. Washegari ta ce wa Malam za ta Ƙanƙara a duba batir, wanda ba ƙarya ta yi ba. Ta naɗe akwatin cikin zani, ta sa na'urar a jaka, ta shiga motar haya da shi bisa cinya. Duk ramin da suka faɗa sai ya daki ƙirjinta, ita ko sai ƙara ƙanƙame shi take.

Shagon da Mas'udu ya sayo shi na wani Shamsu ne, matashi mai bakin ciniki. Ya jona akwatin ya duba, ya ce, "Hajiya, lahiyarshi lau. Halan ya yi maku kaɗan ne? Ga babban yayanshi can, har fanka da talabijin yana ɗauka."

"Huji nawa gare shi?"

"Ai ya ninka wannan."

"Allah shi raba ni da shi. Musanya na zo yi. Ka ba ni wanda waya ba ta shiga."

Shamsu ya yi dariya. Tun da yake sana'a, kowa huji yake nema a ƙara masa. Ya ɗauka tsohuwa ba ta gane ba, ya fara yi mata bayani a hankali, ta katse shi.

"Yaro, na gane sarai. Mijina ba shi iya hana mutane, to ina son batir da zai hana a madadinshi."

Sai Shamsu ya bar dariya. Ya shiga ciki ya ɗan jima, ya fito da wani ɗan baƙin batir shafaffe, bai fi faranti ba, da huji ɗaya tak, zagayayye. Ya ce irin wannan don na'urar kawai aka yi shi, ta nan yake sha daga sola, ta nan yake bayarwa, kuma da yake kai tsaye yake shiga, ba ya ɓarnar wuta. In aka kashe abin ɗumama ruwan da na'urar ke jiƙa iska da shi, zai kai safiya har ya yi saura. Suka jona, na'ura ta fara huci.

"Kawo cajarka ka soka in gani," ta ce.

Ya gwada, ba ta shiga ba. Ta sa ya aro ta mai shagon kusa, ita ma ta ƙi.

"Hajiya, gaskiya wancan ya fi wannan daraja nesa ba kusa ba. Za a ce na cuce ki."

"Ku daidaita da ɗana. Ni dai wanga nika so."

Da la'asar ta iso gida, zaure cike. Audi na nan, ga kuma Yaya Fatsuma, yayar Malam, zaune da waya ƙulle a bakin mayafi. Adama ta kwance zani a gabansu, ta ajiye ɗan batirin. Audi ya ɗauka ya juya shi gaba da baya yana neman inda zai soka.

"Ina akwatin?" in ji Yaya Fatsuma.

"Na musanya shi, Yaya."

"Kin musanya! Don kar mu ci arzikin ƙanena? Ni da nike jiran wayar ɗana daga Legas? Gidan ubanmu ba a san shi da rowa ba sai da kika shigo."

"Yaya, Yahya mai caji na nan bakin tasha, bai mutu ba. Can kuke kaiwa da. Shi ko Malam in numfashinshi ya tahi, ba shagon da za ni in samo wani."

"Lallai Adama, bakinki ya buɗe!"

"Ya buɗe. Ku kira ni mai rowa, na amsa. Da dai in amsa gaisuwar takaba."

Zauren ya watse da tsaki da jan takalma. Malam Gide na jingine da ƙafarsa mai ciwo, kansa a ƙasa don kunya. Da suka rage su biyu ya ce, "Kin tozarta ni gaban mutane." Tuwon dare ma kaɗan ya taɓa. Abin ya yi mata zafi ƙwarai, har ta yi hawaye a madafa, amma ko kusa ba ta yi nadama ba. Ta jona na'ura ta miƙa masa takunkumi, ya karɓa bai dube ta ba.

Hasken rana ne ya tashe ta. Ta zabura, don ba ta ji kiran asuba ba, ba ta zunguri kowa ba, kuma ɗakin shiru. Ta juya a firgice. Shimfiɗar Malam ba kowa, takunkumin na rataye a ƙusa, 'yar fitilar batir na ci kore abinta.

Sai ta jiyo murya daga zaure. Ta lallaɓa ta tsaya bayan ƙofa. Audi ne, ya kwana yana dabara.

"Malam, ka ga wagga igiyar caja? Na feƙe bakinta, na ɗaure da leda. Wallahi za ta shiga hujin nan. Miƙo shi mu gwada, ba sai Hajiya ta sani ba."

Adama ta dafe bango, ta san mijinta.

"Audi," in ji Malam Gide, muryarsa garau, "yi magana a hankali. Adama na barci. Rabon da in ga matar nan tana barci har rana ta hito, tun Mas'udu na goye."

"To, ai minti kaɗan ne..."

"A'a."

Kalmar ta fito masa a karkace, ta gurbin haƙorin da ya faɗi, kamar bai taɓa faɗinta ba. Ya sake maimaitawa, wannan karon ta zauna daidai.

Adama ta koma ɗaki a kan yatsun ƙafa. Sallah na kanta, ga wanke-wanke, ga awaki na kuka. Ta yi alwala da ruwan buta ta sauke farali, sannan ta sake kwanciya ta ja mayafi, don in ya leƙo ya tarar da ita yadda ya faɗa.