Goro da Hannun Hagu

Tun hantsi Sama'ila, ɗalibin jami'a daga Damagaram, ya tsare Inna Falmata a zaurenta na Mirriya, ya kafa mata salula a baki yana ɗaukar muryarta. Wai bincike yake kan yadda kowane harshe ke faɗin wane ya ba wane kaza.

"Inna, ce 'na ba Jummai ƙwarya' da Barbarci. Yawwa. To, 'na aika wa Jummai ƙwarya' fa?"

Ta faɗa, ta maimaita, har maƙogwaronta ya bushe. Shi kuwa sai zuba yake, Faransanci haka yake yi, Hausa haka. Ga mura ta kama shi. Tana kallo ya fyace majina da hagu, ya shafe a wando, don dama na riƙe da salula.

Da suka gama, ya cusa hannun nan a aljihu, ya zaro farin goro, ya miƙo mata.

Ta kau da kai.

"Ɗan nan, ka iya bayarwa da harshe uku, amma ba wanda ya gaya maka da wane hannu ake yi? Jefa wa akuya."