Katakon Labaran Kafinta

"Ku sauke shi! Na ce ku sauke mini shi, ba a motata ba!"

Tijjani direba ne ke wannan ihu. Ya ci birki a tsakiyar hanya, tsakanin tashar jirgin Kaduna da kasuwa, ya diro ko inji bai kashe ba, ya zagayo bayan a-kori-kurar tasa yana yarfe hannu kamar wanda ya taɓa garwashi. A ƙarshen benci, daf da ƙofar baya, Labaran kafinta ya kife a kafaɗar maƙwabcinsa Maliki tela. Hannunsa na dafe da ƙirji, gumi na tsiyaya daga ƙarƙashin hularsa, alhali safiyar damina ce, ko rana ba ta leƙo ba.

"Tijjani, kana cikin hankalinka kuwa?" in ji Maliki. "Mutum na neman numfashi kana cewa a sauke shi? Ja mu je asibiti, ai ba nisa."

"In ya cika a hanya fa, Malam Maliki? Ka san dokar tasha sarai."

Maliki ya sani, kowa ma ya sani. A wajen 'yan a-kori-kurar bakin tasha, motar da aka mutu a cikinta ta gama yawo. Daga ranar sunanta motar gawa. Mata masu kai kaya kasuwa ba za su ƙara taka ta ba, sauran direbobi kuma su fitar da ita daga layi don kada ta shafa musu. Ba liman ya faɗa ba, ba alƙali ya yanke ba, amma sun riƙe ta gam, fiye da yadda wasunsu suka riƙe sallar asuba. Akwai wata motar da abin ya faɗa wa shekarar da ta wuce, tana nan bayan tasha, kaji na ƙwai a cikinta.

Amma Labaran fa ba fasinjan tsintuwa ba ne. Shi da Maliki katanga ɗaya ta raba gidajensu a Rigachikun. Tun da aka soma gine-ginen ofisoshin gwamnati Kaduna ta cika ta batse, ɗakin haya ya gagari talaka, sai suka zaɓi zama a garinsu kusa da gonakinsu. Kullum su bi jirgin safe mai tsayawa kowace tasha, su sauka Kaduna, su faɗa motar Tijjani zuwa kasuwa, inda ɗaya ke da keken ɗinki, ɗaya ke da rumfar katako. Lokacin da Tijjani ya sayo motar nan ba komai a bayanta sai ƙarfe tsirara. Labaran ne ya kashe ranar hutunsa ya yi mata bencina, ya fere kowane katako ya zauna cikin gurbinsa ba ƙusa, yadda in za a ɗauki buhuna sai a zare kawai. Ladan da ya nema ɗaya ne, a bar masa wurin nan na bakin ƙofa, don yana son iska.

Maliki ya ɗaga kai ya dubi mutanen motar, an cusa su kamar goro a huhu. Ba baƙuwar fuska ko ɗaya. Da su ake raba rake a jirgi, da su ake zagin gwamnati in ta ƙara haraji. Yau kowa ya sami abin kallo a ƙasa. Wani malamin ofis ya ɗaga hannu ya duba agogo, ya sāke dubawa, wai shi ga mai aikin yi.

"Jama'a, ku yi magana mana! Labaran ne fa!"

Sai Hansai mai tuwon kasuwa ta ja gyale ta rufe rabin fuska ta ce, "Allah dai ya ba shi lafiya. Amma gaskiya miyata za ta huce."

Nan Labaran ya yunƙura, amai ya ƙwace masa, ya ɓata gefen bencin. Tijjani bai ƙara jira ba. Ya kama shi ta hammata ya jawo, dole Maliki ya tallafi ƙafafu don kada a kayar da shi, suka kwantar da shi gindin wani mangwaro a bakin hanya.

"Ni kam ba zan ƙara zama kan katakon nan ba," in ji Hansai daga cikin mota.

Tijjani ya sa mutanen da ke kan bencin suka miƙe, ya zare katakon daga gurbinsa. Ya fita sumul, ba gardama, don mai aikin ya iya aikinsa. Ya wurgo shi gefen hanya ya faɗi kusa da mai shi.

"Ku yi haƙuri, Baba Labaran. Wallahi ba a son raina ba."

"Allah ya isa, Tijjani!" in ji Maliki. "Allah ya isa tsakaninmu da kai!"

Motar ta bule su da hayaƙi ta wuce.

Maliki ya jawo katakon ya goge shi da ganye, ya mirgina Labaran a kai don ƙasa a jiƙe take. Ya cire hularsa yana yi masa fifita. Can Labaran ya buɗe ido.

"Maliki."

"Ga ni. Bari in sami wata motar mu je asibiti."

"Ba asibiti ba. Gida, wajen matata." Ya tsaya ya jawo numfashi da ƙyar. "Turai ta ce kada in fito yau. Ta ga yadda na kwana. Na daka mata tsawa, na ture kokon da ta dama mini. Ban taɓa yi mata haka ba. Ka kai ni ta yafe mini, Maliki. In ji da kunnena."

"Za ka ji. Da yardar Allah yanzun nan zan kai ka."

Ya fito tsakiyar titi yana ɗaga hannu biyu. Motoci kuwa ba su yi ƙaranci ba, lokacin fita aiki ne, a-kori-kura na bin a-kori-kura. Kowace ta rage gudu, direba ya leƙo, ya hango mutum a miƙe kan katako, sai ya ƙara wuta. Wani har addu'a ya jefo ta taga, kamar addu'ar ce za ta ɗauki mutum ta kai shi Rigachikun. Maliki ya yi roƙo, ya yi magiya, daga baya ya koma zagi, har maƙogwaronsa ya bushe. Masu keke da masu tafiya a ƙasa suna ratse su suna cewa sannu.

Wanda ya tsaya a ƙarshe ba shi da inji. Wani ɗan dako ne mai furfura, Isma'ila, yana tura amalanke ba kaya. Bai yi tambaya mai yawa ba. Ya kama kan katakon, Maliki ya kama ƙarshensa, suka ɗora, suka juya zuwa tashar jirgi. Ko da Maliki ya sa hannu a aljihu, Isma'ila ya harare shi ya ce, "Haba malam, mutum ne fa, ba buhun gyaɗa ba."

A tasha aka ce jirgin da zai tsaya Rigachikun sai bayan azahar. Suka ajiye Labaran a inuwar rumfar kwano, cikin masu jiran jirgi da ƙullin kayansu da kajinsu. Maliki ya samo ruwa a gwangwani yana ɗiga masa a leɓe. Rana ta fito ta yi hantsi, ta take tsaka. Abin da ya fi ci masa rai shi ne daga inda yake zaune yana hango layin motoci. Ga motar Tijjani can, ta je ta dawo, ta je ta dawo, ta cika ta zube. Ta hanyar Zariya, kafin tukunyar shinkafa ta nuna da sun isa ƙofar gidan Labaran.

Da ya ga leɓen Labaran ya soma canza launi, sai ya haɗiye Allah ya isan da ya yi, ya tashi ya nufi layin. Ya sami Tijjani yana zuba ruwa a inji. Maliki, mai 'ya'ya da jikoki, ya durƙusa gaban yaron da aka yi wa kaciya yana kallo.

"Don Allah, don Annabi, Tijjani. Ba asibiti ba, gida kawai. Matarsa yake so ya gani. Na janye abin da na faɗa."

Tijjani ya kau da kai. Idonsa ya yi ja, amma bai ajiye galan ɗin ba.

"Malam Maliki, ina da iyali. In ya cika a ciki, wa zai ciyar mini da su? Kai?"

Sauran direbobi suka gyaɗa kai, wai ya faɗi gaskiya. Maliki ya miƙe ya karkaɗe gwiwa. Bai taɓa jin yana son ya shaƙe ɗan Adam da hannunsa ba sai ranar, kuma da ba don wanda ya bari kwance ba da an raba su da ƙyar.

Jirgi ya zo a makare, kuma a cike maƙil, har bakin ƙofa mutane na lilo. Amma jirgi ba ya tsoron gawa. Wasu Gwarawa masu doya suka matsa, aka miƙa katakon ta kan mutane, aka gitta shi tsakanin kujeru biyu. Maliki ya tsuguna ya riƙe hannun Labaran, hannun da kanta ta cinye saboda zarto da guduma.

"Mun wuce Kawo?" in ji Labaran, ido a rufe.

"Mun wuce."

"Ka ce mata kokon... ba don ba daɗi ba ne."

"Kai za ka faɗa mata da bakinka. Daure, Labaran, saura ƙiris."

Jirgin na tafiya kamar ba ya so, gonakin dawa na wucewa a hankali. Maliki ya ji hannun na saki. Ya sunkuya daidai kunnensa yana maimaita kalmar shahada, Labaran ya motsa leɓe yana bi. Direban jirgi ya busa usur na isowa Rigachikun. Ta taga Maliki ya hango rimin da ke bayan gidajensu, ya ce, "Mun iso, ga rimi can." Amma hannun ya riga ya gama saki. Wata tsohuwa cikin masu doya ta kwance mayafinta ta miƙo masa.

A kan katakon aka shiga da shi gida. Turai tana tsakar gida tana tankaɗe, ta ga maza sun shigo ba sallamar kirki, ta ga mayafin da ba ta sani ba. Rariyar ta suɓuce mata. Maliki ya tsaya daga bakin zaure, kansa a ƙasa, ya isar da saƙo yadda aka ba shi, har da zancen koko.

"Yanzu wannan ne ya riƙe a ransa tun safe?" in ji ta. "Ni ko ajiye masa na yi, na ce in ya dawo ya sha."

Ta durƙusa ta yaye mayafin daga fuskarsa, ta kai bakinta kunnensa.

"Malam, na yafe maka. Duniya da lahira na yafe maka. Ka ji?"

Maliki ya fita waje da sauri, ya dafa katanga. Kuka yake so ya yi, amma fushi ya toshe masa hanya. A kan katakon nan dai aka yi wa Labaran wanka, don ba a sami wanda ya fi shi faɗi da santsi a unguwar ba. Kafin magariba an kai shi makwancinsa.

Bayan sadakar uku Maliki ya bi jirgin safe shi kaɗai. Da ya sauka Kaduna, motar Tijjani na kan layi, ana ta turereniyar shiga. Gefe ɗaya ba benci, fasinja sun tsuguna a ƙasa kan ƙarfe, malamin ofis na tattare wandonsa yana tsaki. Tijjani ya hango shi, ya taho yana murza hula a hannu.

"Malam Maliki, ashe haka Allah ya yi. Allah ya jiƙan Baba Labaran, ya sa ya huta." Ya rage murya. "Ka dai gani ko? Da ban sauke shi ba, da yanzu wani zancen ake. Af, katakon nan kuwa yana wajenka? Fasinja na ta ƙorafi, kuma na kai wa kafintoci sun kasa yin wanda zai zauna a gurbin."

Maliki ya dube shi tun daga hula har takalmi. Sannan ya ɗaga murya yadda duk layin zai ji.

"Yana nan lafiya lau. A kansa ya cika, a kansa aka yi masa wanka. Gobe in taho maka da shi?"

Tijjani ya ja da baya kamar an watsa masa ruwan zafi. Hansai ta yi salati ta ƙanƙame ƙwaryarta. Maliki ya saɓa jakar ɗinkinsa ya ratsa ta gaban motar, ya kama hanyar kasuwa a ƙasa, motoci na wuce shi suna fantsama masa ruwan kwata.

Da yamma ya dawo gida ƙafafunsa sun yi tsami. Daga cikin gidan Labaran yana jin muryar matan da suka zo taya Turai zaman takaba, ƙasa-ƙasa. Wani ya jingina katakon a jikin katangar da ta raba gidajen biyu don ya sha iska. Ya bushe sarai. Can wajen ƙarshensa, inda yake fuskantar ƙofar mota, akwai wani wuri da ya fi sauran duhu da sheƙi, daidai faɗin zaman mutum ɗaya.