Akwatin Shiga Ruwa

Abu ɗaya Habibu ya fito da shi daga garin Madani na Sudan ranar da yaƙi ya kore mu, kyamararsa. Ni na goya 'yarmu Samar, shi ya rataya baƙar jakar kyamarar a wuya, bai sauke ta ba har muka iso Alkahira. Kyamarar ke ci da mu a unguwar Hayyin Ashir. In 'yan uwanmu na Sudan suna biki, ko ɗaliban Najeriya sun sauke karatu suna son hoto da jabba da rawani, sai a kira shi. Kiran ba kullum ba ne. Sauran kwanaki yana kusurwar ɗaki yana goge gilashin da ba ƙura a kansa, ba ya ce wa kowa kanzil, mutumin da a da sai an roƙe shi yake yin shiru.

Ana haka sai ga wayar Munzir, abokinsa da ke aiki a jirgin ruwan masu yawon buɗe ido a Gardaka, can bakin Bahar Maliya. Mai jirgin na neman wanda zai riƙa ɗaukar baƙi hoto a ƙarƙashin ruwa. Za a gwada mutum, amma da kayansa zai zo. Habibu a bakin kogi ya tashi, iyo ba baƙonsa ba ne. Ranar na ji dariyarsa, har na leƙo daga kicin in ga ko baƙo muka yi.

Na ce zan raka shi sayen kayan. Ba don na san kan abin ba, don na san mijina.

Shagon yana wani lungu a tsakiyar gari. Mai shi, wani Bamisire mai suna Osama, ya saurari abin da aljihunmu zai iya, ya ɗora abu biyu a kan tebur. Na farko 'yar kyamara ce sabuwa, ba ta fi kwalin ashana ba, an yi ta don shiga ruwa. Na biyu tsohon akwati ne na roba mai garai-garai, wanda ake sa babbar kyamara irin ta Habibu a ciki a kulle. Kuɗinsu kusan ɗaya.

“Ya ustaz,” in ji Osama, “mai koyo ƙaramar nan yake ɗauka. In ruwa ya ci ta, ka yi 'yar asara, ka koma gida ka ci abincinka.”

Da ya san wa yake gaya wa, da bai ce mai koyo ba. Habibu tun kafin ya yi gemu yake ɗaukar hoto. Na ga jijiyar wuyansa ta tashi.

“Ni za a ba abin wasan yara? Bature ya gan ni da kwalin ashana ya yarda mai hoto ne?”

Na ja shi gefe. “Baban Samar, ka ji tsoron Allah. Kyamarar nan ita ce gonarmu, ita ce shagonmu. Ita za ka tsoma a ruwan gishiri?”

“Widad, hoton ƙaramar nan ba zai sa a ɗauke ni ba. Kina so in ƙare rayuwata ina jiran a haifi ɗa a kira ni suna?”

Gaskiya ya faɗa, ni ma na gaji da ganinsa a kusurwar nan. Muka ɗauki akwatin. Osama ya nuna masa wani siririn zoben roba da ya zagaye bakin murfin, ya ce duk rayuwar kyamarar a kansa take, kada a bar shi ya bushe. Ya ɗauko wata 'yar kwalbar mai kamar ta kwalli. Da Habibu ya ji kuɗinta sai ya yi tsaki, ya ce mai dai ai akwai shi a gida. Osama ya fara cewa ba kowane mai ba, sai wani mai saye ya shigo, maganar ta bi iska. Abin da ya bi mu da shi har ƙofa shi ne a gwada akwatin babu komai a ciki tukuna.

Mun gwada. Muka cusa takardar goge hannu a ciki, muka danna shi ƙasan shuɗiyar durom ɗin da muke tara ruwa saboda ɗaukewar famfo, muka danne da turmi. Da muka ciro, takardar a bushe ƙamas. Habibu ya ɗaga ta sama kamar ya ci jarrabawa.

Saura zoben. Mu mutanen Sudan babu abin da man riɗi ba ya yi mana. Zazzaɓi man riɗi, kaushi man riɗi, jariri man riɗi, ƙofa in tana kuka ma shi ne. Kowace safiya kafin tafiyar Habibu sai ya ciro zoben, ya shafe shi da yatsa a hankali yana bismillah, kamar mai shafa wa jinjiri cibiya. Zoben ya yi sheƙi, ya yi taushi, ya yi ɓulɓul. Har ya kai murfin ba ya rufuwa sai an danna da gwiwa.

“Kin ga yadda ya kama?” ya ce. “Tamam, ya yi daidai. Ko iska ba ta shiga.”

Ni kuwa ban yarda da kumburin nan ba. Na ce a sake gwadawa a durom. Ya ce an gwada, khalas, magana ta ƙare, kada in sa masa baki a tafiya. Da muguwar rawa gara ƙin tashi nake ta faɗa a zuci, amma na haɗa masa guzuri na raka shi tasha.

Ranar gwajin wayarsa a kashe. Washegari ma haka. Na share ɗakin da na riga na share, na yi wa Samar faɗa a kan abin da bai kai ya kawo ba. Tsoro ya koma haushi, na zauna ina wasa maganar da zan tare shi da ita, wanda bai ji bari ba ya ji hoho.

Da la'asar ya shigo, ko sallamar kirki babu. Ya ajiye baƙar jakar a tsakiyar tabarma ya zauna nesa da ita. Na buɗe. Gishiri ya yi fari a kowace kafa ta kyamarar, bayan gilashin kuma ruwa ne ke kai da komo.

“Zoben ya kumbura,” ya ce. “Da muka yi ƙasa ruwa ya matse shi, sai ya zame daga gurbinsa. Mai jirgin ya shinshina ya tambaye ni ko miya na dafa a ciki. Suka yi ta dariya.”

“Me ya hana ka fito da gudu?”

“Ba a fitowa da gudu, Widad. In ka taso da sauri daga zurfi huhunka ne zai fashe. Na yunƙura, Munzir ya riƙe min hannu. A hankali muka riƙa tasowa, muna tsayawa. Ina riƙe da ita a gaban idona, ruwan yana hawa a cikin akwatin kamar ana cika kofin shayi. Ina kallo. Yadda na tsaya ina kallon shagona a Madani yaƙi yana cinye shi, haka.”

Na nemi maganar nan da na wasa, na rasa ta. Tausayinsa ya kama ni. Na ce ma'alish, ya yi haƙuri, na kawo masa abinci, bai taɓa ba.

Muna zaune wayarsa ta yi ƙara. Muryar mace ce, ina jiyo ta daga inda nake, tana murna, 'yarta ta sauka lafiya, suna ranar Asabar, an ce mata shi ne gwanin unguwar. Habibu ya saurare ta har ta gama, ya yi mata barka, ya yi wa jaririn addu'a.

Sannan ya ce, “Ma'alish, ya hajja. Ki nemi wani. Babu mai hoto a gidan nan.”